Masu Ɗauko Mana Labari a Tasawa da Mayahi: Daga Ina Suka Fito?

Sharhinmu na yau a kan mutanen da kuke jin muryarsu safe da yamma ne, amma ba kasafai ake zama a yi maganarsu ba, wato masu ɗauko labarin ƙananan hukumomi a gundumomin Tasawa da Mayahi. Su wane ne su? Wace sana'a suka baro, ko wacce suke haɗawa da wannan? Wa ya koya musu aikin? Wa kuma ke zuba musu mai a babur?

Mu fara duba faɗin filin da suke yi wa aiki. Gundumar Tasawa ƙananan hukumomi 7 gare ta: Tasawa kanta, da Baudeta, da Hawandawaki, da Kona, da Korgom, da Maijirgi, da Urafan. Mayahi kuwa 8: Mayahi, Atantane, Mairairai, Gidan Amumun, Isawan, Kanambakashe, Sarkin Hausa da Cake. A ƙidayar 2012 kowace gunduma daga cikin biyun ta haura mutum 500,000, kuma wanda ya san yadda ake haihuwa a jihar Maraɗi ya san yau an wuce nan nesa. Ƙananan hukumomi 15 ke nan, kowace da ofishinta, da harajinta, da kasuwanninta, da rigimar filayenta. Manyan kafofin gwamnati, irin su jaridar Le Sahel da kamfanin dillancin labarai na ANP da gidan rediyo da talabijin na ƙasa, ofisoshinsu na jiha a birnin Maraɗi suke. Wakilinsu galibi yakan iso Mayahi ko Tasawa ne cikin ayarin gwamna ko minista. A zo da hantsi, a yanke ƙyalle, a yi jawabi, kafin la'asar ƙura ta lafa, motoci sun koma. Abin da ya faru da rijiyar bayan wata shida, ko fanfon na ba da ruwa ko ya ƙafe, wannan kuma sai wanda ke kwana a garin.

To mene ne labari a wajenmu? Nawa tiyar hatsi a kasuwar wannan mako. Yaushe za a buɗe sayar da cimaka a farashi mai rahusa, kuma buhu nawa aka turo wa garin. Ko takin zamani ya iso kafin shuka ko sai da gero ya yi kai. Wane ƙauye ne yaransa ke karatu a ajin zana har yanzu, bayan gobarar da ta cinye yara sama da 20 a wata makaranta a birnin Maraɗi cikin Nuwamban 2021. Wa ya nome burtali, kuma yaushe za a saki gonaki dabbobi su shiga. Wa ke saran goriba a Gulbin Kaba, da izinin wa. Me ya sa takardar haihuwa ke daɗewa ba ta fito ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai shiga kanun labaran duniya, amma da su magidanci ke kwana, da su yake tashi.

Aikin nan yana da tushe a ƙasarmu, kuma ya girmi yawancin masu yinsa. An buɗe Rediyon Nijar a 1958. A 1962, zamanin Diori Hamani, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na sauraron rediyo. Mutanen gari su taru da dare gaban akwati guda, su saurari shiri a kan noma ko lafiya ko haraji, su tattauna, mai jagorantar zaman ya naɗi muryoyinsu a aika Yamai. Masu jagorantar nan da yawansu malaman makaranta ne da ƙananan ma'aikata da aka turo ƙauye. Ke nan tun farko, wanda ya fara miƙa wa talakan karkara makirfo ba ɗan jarida ba ne mai takardar shaida, mushe ne, wato malamin makaranta, da ya tashi daga aji. Sai dai a wancan zamani, har zuwa na Seyni Kountché, murya ɗaya ce a ƙasa. Wanda ke son jin wata magana daban sai ya murɗa akwatinsa zuwa Kaduna, ko sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, ko Muryar Jamus.

Ƙofa ta buɗe ne a 1990, lokacin da Ibrahim Cheick Diop ya fito da jaridar Haské, sannan Maman Abou ya biyo da Le Républicain a 1991, shekarar Babban Taron Ƙasa. Amma jarida ce ta Faransanci, a Yamai ake bugawa, a Yamai ake karantawa. Abin da ya taɓa mu kai tsaye shi ne gidajen rediyo masu zaman kansu da suka soma a tsakiyar shekarun 1990, irin su Anfani ta Grémah Boucar, daga baya Saraounia ta Moussa Kaka, dukansu da rassa a Maraɗi. Sai rediyon karkara na al'umma, wanda aka fara da na Bankilare a 1999, mai aiki da hasken rana. Yau irinsu sun haura 100 a faɗin ƙasa. Abu na ƙarshe da ya cike gurbin shi ne zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004. Mayahi ma na cikin wuraren da aka fara gwada wannan tsari kafin zaɓen, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga wannan zaɓe aka sami magajin gari da kansiloli da kasafin kuɗi a bakin ƙofa. Da can in kana da tambaya a kan kuɗin harajinka, amsar na Yamai. Yanzu ga ofishin nan kusa da tasha. An sami abin tambaya, an sami wurin faɗa, saura mai tambayar.

Makarantar koyon aikin jarida ta ƙasa, wadda muka sani da IFTIC, a Yamai take. Yaron da iyayensa suka yi ɗawainiyar karatunsa har ya fito da takarda, da wuya ya dawo ya zauna a gidan rediyon da ba ya biyan albashi. Zai nemi talabijin a babban birni, ko ya zama jami'in hulɗa da jama'a na wata ƙungiya. Ban ga laifinsa ba. Abin da wannan ya haifar shi ne, kujerun gidajen rediyonmu mutanen da suka fito daga wasu sana'o'i ne suka cike su, kuma kowace sana'a ta zo da alherinta, ta zo da bashinta.

Na farko, kuma wanda na fi so mu daɗe a kansa, shi ne malamin makaranta, musamman ɗan kwantiragi. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta koma ɗaukar malamai a wannan tsari, aka watsa samari masu takardar sakandare cikin ƙauyuka. A gari da yawa shi kaɗai ne ke iya karanta takardar da prefe, shugaban gunduma, ya aiko da Faransanci ya mayar da ita Hausar da tsohuwa za ta gane. Ya saba tsayuwa gaban mutane, ya saba tsara magana daga farko zuwa ƙarshe, ya san amfanin rubuta kwanan wata. Kuma wannan hanya tsohuwa ce a ƙasar Hausa: Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Idan kun ji rahoto daga wani ƙauye a tsare, an faɗi wuri, an faɗi rana, an faɗi wanda ya yi magana da muƙaminsa, sau da yawa in kuka bincika za ku tarar mai alli ne.

Amma mushe ma'aikacin gwamnati ne. Wanda ya kamata ya yi wa tambaya mai zafi a kan rashin tebura ko ƙarancin malamai, shi ne mai sa hannu a takardar canjin wurin aikinsa. Ba sai an yi masa barazana ba. Ya san akwai makarantu can arewa da Mairairai inda mota ke shiga sai ranar kasuwa, ya san kuma ba wuya a ce ana bukatarsa a can. Saboda haka yakan iya faɗin gaskiya a kan asibiti, ya faɗi a kan kasuwa, in an zo kan makaranta, fannin da ya fi kowa sani, sai muryarsa ta yi sanyi. Ga kuma hutun damina, lokacin da ya koma garinsu, daidai lokacin da labarin ambaliya da tsadar hatsi da rikicin gona ke kan ganiyarsu.

Na biyu shi ne wanda ya taso a hannun ƙungiyoyin raya karkara. Jihar Maraɗi ta daɗe tana karɓar irin waɗannan baƙi. Nan ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da yau aka kwaikwaya a ƙasashe da yawa. Saurayi ko budurwar da ta yi shekaru tana zagaya ƙauyuka da aikin faɗakarwa ta san hanya, ta san mai gari, ta san yadda ake sa mace mai kunya ta buɗe baki. Wannan ilimi ne da ba a samunsa a aji. Cikas ɗin shi ne kunnenta ya saba da harshen masu ba da tallafi. Rahotonta yakan fito kamar na rufe taro: an wayar da kai, an ƙarfafa gwiwa, mahalarta sun nuna gamsuwa. Ba ka jin wanda bai gamsu ba. Kuma ranar da aikin ƙungiyar ya lalace, bankin cimaka ya zama kango, ko injin niƙa ya tsaya, da wuya tsohon ma'aikacinta ya zama mai fallasawa, don yana sa ran wani aikin in an buɗe sabon shiri.

Akwai kuma masu baiwar baki: wanda ya fito daga gidan roƙo, ko mai shela a kasuwa, ko mai ba da labarin kokawa, ko ɗan wasan kwaikwayo na samariya. Su ne ke riƙe mai saurare. Hausarsu ba ta da gyara, ta Tasawa ce tsantsa, kuma in suna magana ko mai dakan fura sai ta sassauta taɓarya. Ina jin haushi in na ji 'yan boko na raina su. Gidan rediyon da ba shi da irinsu, ko labarinsa gaskiya ne, ba mai kunna shi. Sai dai sana'ar da suka gada ta yabo ce, ta ɗaga mai abin hannu. In aka ba irin wannan mutum makirfo aka ce je ka tambayi shugaban ƙaramar hukuma ina aka kwana batun magudanar ruwa, sai ya share minti uku yana kirari kafin tambayar ta fito, in ma ta fito.

Malaman addini na da nasu filin, kuma jama'a na yarda da su fiye da kowa, shi ya sa maganarsu a kan rigakafi ko karatun 'ya mace ke da nauyi ta kowane ɓangare ta faɗa. Ba zan tsaya a kansu ba yau, wannan sharhi ne mai zaman kansa.

Mata fa? Mariama Keïta, wadda ta rasu a 2018, ita ake kira mace ta farko 'yar jarida a Nijar, ta shugabanci Muryar Sahel, wato rediyon ƙasa, ta kuma shugabanci hukumar kula da kafofin sadarwa ta ƙasa. Amma tsakanin Yamai da Isawan akwai tafiya. A gidajen rediyonmu akan ba mace filin girke-girke, da tarbiyyar yara, da gaishe-gaishe. Da wuya a tura ta zaman kasafin kuɗi. Alhali ita ce ke bin layin fanfo, ita ke kwana a asibiti da yaro, ita ta san ko maganin da aka ce kyauta ne ga ƙananan yara da gaske kyauta ake ba da shi. Kuma akwai zauren da namiji ba ya wucewa. Rabin labarin garin na bayan wannan zaure. Sau da yawa kuma aikin nata iyakarsa ranar ɗaurin aure, sai in an dace da miji mai fahimta.

Na baya-bayan nan shi ne yaro mai salula. Ba shi da gidan rediyo, ba shi da shugaba, yana da WhatsApp da Facebook. Kafin wakilin rediyo ya tayar da babur, shi ya riga ya ɗauki hoton gadar da ruwa ya cinye ya tura wa 'yan garin da ke ci-rani a Kano da Legas da Agadas da Libiya. A daminar 2024, da ambaliya ta yi wa jihar Maraɗi ɓarnar da ta fi ta kowace jiha asarar rayuka, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, hotuna da yawa ta wannan hanya suka fita. Amfaninsa a fili yake. Haɗarinsa shi ne ba wanda ke ce masa tsaya, ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren? Saƙon murya ɗaya da ya ce Fulani sun yi kaza, ko manoma sun yi kaza, ya isa ya tayar da gari kafin jandarmomi su iso. Manya a jihar nan ba su manta da abin da ya faru a Toda a 1991 ba, inda aka rasa rayuka sama da 100 a rikicin manoma da makiyaya. A lokacin ma ba salula.

Yanzu mu zo kan maganar da ba a so a yi, maganar kuɗi. Gidan rediyon al'umma da me yake rayuwa? Da sanarwar aure da suna da rasuwa, da cigiyar akuya, da katin gaishe-gaishe, da kwangilar shirin faɗakarwa in wata ƙungiya ta kawo. Daga ciki za a biya wuta ko a sayi batir, a gyara na'ura in tsawa ta taɓa ta. Kun tuna yadda aka sha a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina bayan takunkumin CEDEAO. Abin da ya rage, in ya rage, shi ake raba wa ma'aikata. Da yawansu sunan aikinsu sa-kai. Saboda haka in za a je ɗauko labari a ƙauye mai nisa, wanda ya gayyata shi ke ba da kuɗin mai, in taro ya tashi kuma a sa hannu a takarda a karɓi perdiyam, wato kuɗin halartar taro, jika biyu ko biyar.

Ba na kiran wannan cin hanci, don mai iyali ne, kuma babur ba ya tafiya da ruwa. Amma Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Illar ma ba ta tsaya ga abin da ake faɗa ba, ta fi yawa a abin da ba a zuwa ɗaukowa sam. Taron da ke da mai gayyata ana zuwa. Ƙauyen da rijiyarsa ta rufta ba shi da mai gayyata, ba shi da takardar sa hannu. Haka za ka saurari labaran mako guda cur, ka ji bita da bita da bikin buɗewa, ka ɗauka duk gundumar ba abin da ake yi sai taro.

Bayan kuɗi akwai zumunta, kuma a ganina ta fi kuɗi ɗaure baki. Ɗan jaridar Yamai zai rubuta abin da ya rubuta a kan minista, ya tafi gida, ƙila har abada ba za su haɗu ba. Wakilin Kona ko Cake kuwa, mai karɓar harajin kasuwar da ake zargi ƙanin surukinsa ne, sahu ɗaya suke sallar Magariba. In ya faɗi magana da safe, kafin azahar an kai ƙara wajen mahaifinsa, ba wajen alƙali ba. Tsoho ya kira shi ya ce, "Kai yanzu duk garin nan ba ka ga wanda za ka tona wa asiri ba sai ɗan'uwanka?" Wace makarantar jarida ce ke koyar da amsar wannan? Ga kuma iyayenmu sarakuna, waɗanda ke cikin hukumomin kula da filaye tun dokar karkara ta 1993. Rigimar gona ba ta wuce fada, kuma ba kowane yaro ne zai durƙusa ya ce "ranka ya daɗe" sannan ya ɗaga kai ya tambayi yadda aka yi filin makiyaya ya zama gonar wani ba.

Duk da haka kada a ce ba su taɓuka komai. Ku tuna 2005. Fari da fara sun cinye amfanin 2004, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, cibiyoyin kula da yara masu tamowa a jihar Maraɗi suka cika. Gwamnatin Tandja Mamadou ta ce ba yunwa a ƙasa. Duniya ba ta motsa ba sai da talabijin na BBC ya nuna hotuna daga Maraɗi a watan Yuli. A 2006 aka janye wa wata tawagar BBC izinin ɗaukar irin wannan labari, a 2008 kuma aka dakatar da aikin reshen Faransa na ƙungiyar likitoci ta MSF a Maraɗi. Baƙon da ya zo da kyamara, wa ya nuna masa hanyar ƙauyen? Wa ya yi masa tafinta? Ɗan gari ne, wanda ya ga rumbu ya ƙare tun watanni kafin nan. Baƙo ya koma da suna, an kore shi ma ya koma gida lafiya. Ɗan gari shi ya zauna da prefe.

Ta fuskar doka, an yi gaba an yi baya. Moussa Kaka ya yi sama da shekara guda a kurkuku, daga Satumban 2007 zuwa Oktoban 2008. A Yunin 2010 aka soke ɗauri a kan laifin aikin jarida. A Fabrairun 2011 aka fito da dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma. A ranar 30 ga Nuwamban wannan shekara Shugaba Mahamadou Issoufou ya sa hannu a sanarwar kare 'yancin jarida, ranar ta zama ta 'yan jarida a ƙasa. Sai dokar laifukan intanet ta 2019 ta buɗe wata ƙofar kamu. An sassauta ta a 2022, aka maido da hukuncin ɗauri a Yunin 2024, har shekara 2 zuwa 5 ga wanda aka samu da yaɗa abin da aka ce zai dagula zaman lafiya. An rufe RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC wata 3 a Disamban 2024. Ɗan jaridar birni in an kama shi, akwai lauya, akwai ƙungiya, akwai mai fitar da sanarwa. Ɗan sa-kai na ƙauye, da yawansu ko katin aikin jarida ba su da shi, kuma yaro mai salula bai ma san akwai dokar ba sai ranar da ta hau kansa.

Sannan a Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomin da aka zaɓa a Disamban 2020, aka naɗa kantomomi. Ba hukuncin wannan mataki na zo yi ba, kuma ban ce kansilolin da waliyyai ne ba. Abin da ya shafi batunmu shi ne, da akwai zaman majalisa da doka ta ce a buɗe yake ga jama'a, akwai kansilan adawa da in ya fusata zai fito ya faɗa wa rediyo nawa aka tara, nawa aka kashe. Yanzu wannan bakin babu shi. Tsakanin kantoma da mai biyan haraji, wanda ya rage mai iya tambaya a bainar jama'a shi ne wannan mushe, da wannan tsohuwar ma'aikaciyar ƙungiya, da wannan mai kirari. Nauyin ya ƙaru, kafaɗar ba ta ƙaru ba.

Shi ya sa in ana maganar horar da su nake cewa a duba abin da ake koya musu. An yi bita ba adadi. Studio Kalangou, da ya fara aiki a 2016, na haɗa kai da gidajen rediyo da dama a ƙasa, yana ba da labarai da Hausa da sauran harsunanmu, kuma an ga amfaninsa. Amma yawancin bitar da ƙungiyoyi ke shiryawa a kan saƙon da suke so a isar ne: wanke hannu, gidan sauro, tazarar haihuwa. Duk suna da kyau. Wanda na fi son gani shi ne a zaunar da wakili a buɗe masa kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa shafi-shafi. Ga abin da ake sa ran samu daga harajin kai, ga na kasuwa, ga na tasha da na kara. Ga abin da ke tafiya albashi da mai da tafiye-tafiye, ga abin da ya rage na gina aji. Malamin da ke koyar da lissafi ba zai kasa gane wannan cikin kwana biyu ba. Mutumin da ya san kasuwar garinsu na cika maƙil kowane mako, ya kuma ga ɗan abin da aka rubuta an samu daga tikitinta, ba ya bukatar zagin kowa. Ya karanta adadin kawai a rediyo, 'yan kasuwar da ke yankan tikitin su za su yi sauran lissafin.

Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko dala: littafi. Kowane gidan rediyo ya ajiye littafi guda, duk alkawarin da wani jami'i ya yi a makirfo a rubuta, da rana da wuri. In an ce kafin damina za a gyara hanyar kaza, ranar da aka yi ruwan shuka a buɗe littafin a koma masa da ladabi: "Mai girma kantoma, ranar kaza ka ce kaza, ina aka kwana?" Kuma inda zumunta ta ɗaure bakin wakili, a yi musanya. Na Korgom ya je ya yi tambayar Baudeta, na Baudeta ya zo Korgom. In kuma wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyin tafiya, a faɗa a farkon rahoto, mai saurare ya san da wane kunne zai ji.

Ku ma masu saurare akwai naku. Garin da ke iya tara kuɗin kai ɗan kokawarsa gasa, da 'yan ci-ranin da ke turo kuɗin ginin masallaci, ba za su kasa haɗa kuɗin man babur na wata guda ba, a ajiye a hannun kwamitin gidan rediyo, a rubuta shigarsa da fitarsa, don ranar da rijiya ta rufta a ƙauyen da ba shi da mai gayyata a sami mai zuwa. Ga shugabannin gidajen rediyon kuma, kasafin kuɗin shekara mai zuwa ana tsara shi ne kafin wannan ta ƙare. Ku rubuta wa ofishin ƙaramar hukuma takarda tun yanzu, ku ambaci dokar Fabrairun 2011, ku nemi kwafi, ku riƙe shaidar ranar da kuka kai takardar.